Kalmar da Ta Kai Mu Shabu

Ranar da aka ba mu hutun ƙarshen shekara ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare, na dawo gida da katin sakamako a cikin leda saboda yayyafi. Na zo ta shida a ajinmu, abin da ya isa a yi mini barka. Amma tun daga ƙofar makaranta hankalina ya koma kan abin da malamar ajinmu ta rubuta da jan biro a can ƙasan katin. Layi biyu ta yi da Turanci. Na farko na gane shi tsaf: yarinya ce mai ƙoƙari, amma ta ƙara himma a lissafi. Na biyun ma na san kowace kalma a cikinsa in ban da guda ɗaya. Cewa ta yi countenance ɗina yana shafar ajin gaba ɗaya.

Ban taɓa jin kalmar ba, amma na tabbata na san abin da take nufi, don ina da laifin da na ɓoye wa gida. Wata safiya a zangon nan muna tsaye a layi, shugaban makaranta yana yi mana faɗa a kan makara, sai wani bunsurun unguwa ya shigo ta ɓarakar katanga ya tsaya a bayansa. Shugaban yana da al'adar tsayawa ya tambaya ko mun gane. Ya tambaya, kafin mu buɗe baki bunsurun ya amsa. Na cije leɓe. Ya sake tambaya, bunsurun ya sake amsawa. A na uku dariya ta ƙwace mini, layinmu ya ɗauka, sauran layuka suka ɗauka, har malamai suna juya baya. Aka sa ni sharar gindin mangwaro na mako guda bayan an tashi. A gida kuwa na ce ƙarin darasi ake yi mana. To ga shi yanzu Malama ta tattara abin duka ta dunƙule shi a kalma ɗaya mai tsawo, ta ba ni in kai da hannuna.

Babana mai gyaran keken ɗinki ne. Kakanmu fatauci ya kawo shi Lafiya daga Kano ya zauna, a nan aka haifi Baba, a nan ya buɗe ɗan shagonsa a bayan kasuwa. Duk telan da kekensa ya fara tsallake zare ko karya allura wurinsa yake zuwa, wani lokaci kuma ya ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur ya tafi har Assakio. Larabci da ajami yana karanta su kamar ruwa, Hausar boko yana bin ta a hankali, Turanci kuwa iyakarsa sunayen kayan keke. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Sai dai Allah ya yi shi da wata irin fuska, gira a haɗe, baki a tsuke, ko yana cikin murna ka ce yanzu aka ɓata masa rai. Yaran layinmu in sun hango shi sukan ɗauke ƙwallonsu su ba shi hanya tun yana nesa. Ni kuma aka yi ni akasinsa, haƙorana ba sa zama a rufe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana.

Bayan la'asar ya zauna a tabarma ya karɓi katin ya juya shi, ya duba lambobin, ya gyaɗa kai, sannan ya miƙo mini.

"Uwata, karanto mana abin da aka sa da jan biro."

Na karanta layin farko na fassara. Na shiga na biyu, da na iso wurin sai harshena ya sarƙe.

"Kaun... kaunti... kantinans."

Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ta juyo da muciya a hannu.

"Kantin wa? Wane kanti kuma kika shiga?"

Na ce ba kanti ba ne, kalma ce. Baba ya ce to me take nufi? Na ce ba a koya mana ita ba tukuna. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba, balle a ce mutum ya latsa ta ba shi amsa. Don haka Baba ya zura takalmi ya ce in biyo shi gidan maƙwabcinmu, wani tsoho da ya yi shekaru yana aikin masinja a sakatariya. Shi ne Baturen layinmu, shi ake kai wa takardar asibiti da ta wuta ya karanta. Ya saka tabarau, ya nisanta katin da idonsa, ya matso da shi, sannan ya sa babban yatsa ya rufe wutsiyar kalmar.

"Ka ga nan, Malam? Kaunt. Ƙirga ke nan. Yarinyar nan ta fi kowa lissafi, har 'yan aji suna koyi da ita."

Baba ya ce, "To ai a layin sama cewa aka yi ta ƙara himma a lissafin."

Tsohon ya sosa ƙeya. "To wataƙila ita ke ƙirga 'yan aji in an shigo da safe."

Na ce ba ni ba ce, akwai monita. Sai ya ce mu dakata, yana da ƙamus. Ya shiga ɗaki ya daɗe yana jan akwatuna, ya fito da wani ɗan littafi mara bango yana kaɗe masa ƙura. Da ya buɗe sai ga shi daga harafin E ya fara. Jikokinsa sun yage na gaban sun yi jirgin sama da su. Shi kansa ya yi dariya, ya ce mu yi haƙuri, duk kalmar da ta fara daga E zuwa ƙasa mu dawo ko da tsakar dare ne.

Washegari Baba ya tafi da katin a aljihu, ni kuma ina biye da shi da kwanon abincinsa. Muka tsaya wurin mai kemis ɗin bakin titi, wanda kowa ke kira likita ko da yake shi bai taɓa cewa likita ne ba. Ya duba, ya sake dubawa, ya dube ni, sannan ya ce in ɗan matsa waje. Na matsa, amma kunnena yana ciki.

"Malam, akwai kalma mai kama da wannan a takardun magani," ya ce da ƙaramar murya. "Maganar riƙe fitsari ce. Ban ce ita ce ba, amma sun yi kama ƙwarai."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ban iya kai kwanon shago ba, na ajiye wa Baba a kan babur na juya gida da gudu.

Da yamma Baba ya kawo wa Inna maganar a hankali, yana ta kewaye-kewaye. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta yabona a gaban mutane, ko wani ya yabe ni sai ta kau da kai. Amma ranar nan ta ajiye tsintsiya ta miƙe tsaye.

"Wace yarinyar? Wannan? Tun tana shekara biyu da rabi ban sake shanya mata tabarma ba! Kuma ko da haka ne, ta yaya zai shafi aji gaba ɗaya? Ambaliya ce?"

Baba ya ce, "Ni ma abin da ya ɗaure mini kai ke nan."

Ina ɗaki ina jin su, kunya ta ishe ni, amma wani daɗi ya ratsa ni, don ban taɓa jin Inna ta tsaya mini haka da baki ba.

Baba ya ce tunda wadda ta rubuta tana da rai da lafiya, yawon ya isa, ita za a tambaya. Ranar Juma'a ya biya makaranta ya tarar da ita a kulle. Maigadi ya gaya masa Malama takan koma gidansu a Shabu da hutu saboda noma, ya kwatanta masa gidan: in an wuce gonar jami'a a sauka titi ta hannun hagu, a nemi gida mai bishiyar lemu biyu a ƙofa.

Asabar da hantsi muka hau babur. Akwatin kayan aiki yana ɗaure a baya kamar kullum, ni ina tsakaninsa da Baba, na riƙe rigarsa. An yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi, abin da ba kasafai Lafiya ke yi ba. Muka bar hayaniyar gari, muka shiga tsakanin gonakin doya da masara, mata a bakin titi suna gasa sabuwar masara suna fifita. Da wata rana ce da na ji daɗin tafiyar. Amma kowace bishiya muka wuce sai in ji an ƙara matso da ni wurin da asirina zai tonu.

Can gaba muka tarar da garken shanu suna tsallaka titi, wani dattijon Bafulatani yana tare su da sanda. Baba ya tsaya ya sa ƙafa a ƙasa. Shanun suna da yawa, ba sa sauri. Na ga gara ya ji daga bakina.

"Baba."

"Na'am, Uwata."

"Ina jin na san abin da Malama take nufi."

Na kwashe labarin duka na gaya masa ina kallon bayan rigarsa, da bunsurun, da sharar, da ƙarin darasin da ba a taɓa yi ba. Bai juyo ba. Sai da saniya uku suka wuce sannan ya tambaya.

"Sau nawa bunsurun ya amsa?"

"Sau uku."

"Kuma daidai sanda aka yi tambayar?"

"Daidai, Baba."

Sai na ji rigar da na riƙe tana rawa. Na ɗauka tari ne ya taso masa. Ashe dariya ce yake dannewa, ta ƙi dannuwa. Ya kashe babur ɗin gaba ɗaya, ya kifa kansa a kan hannunsa yana yi har da hawaye. Dattijon mai shanu ya tsaya yana kallonmu, shi ma ya fara murmushi bai san dalili ba. Shanu suka gama wucewa, mai motar da ke bayanmu ya yi ta danna ham, Baba ya ɗaga masa hannu ya wuce.

Da ya samu kansa ya goge ido da hannun riga ya ce, "Da ni ne a layin nan da tare za mu yi sharar. Amma maganar ƙarin darasi ba ta yi mini daɗi ba. Kada ki sake."

Na ce ba zan sake ba. Ya tayar da babur, fuskarsa ta koma yadda take kullum kamar ba shi ne ya yi dariyar ba.

Da muka isa gidan ban gane Malama da farko ba. A makaranta siket da kwat take sawa, da takalmi mai tsini da ake jin ƙararsa tun daga ofis. A nan kuwa ga ta da zani da silifas, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwali, tana baza gyaɗa a kan buhu a tsakar gida. 'Yar ƙabilar Eggon ce, Hausarta irin ta garinmu ce wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Tana ɗaga kai ta ga Baba sai ta saki kwanon da ke hannunta.

"Sannu da zuwa, Baba. Lafiya dai? Wani abu ya faru da yarinyan?"

Baba ya ce lafiya ƙalau. Ta kawo benci ta goge, ta kawo ruwa, aka gaisa aka sake gaisawa, har yanzu tana satar kallonsa. Ya ciro katin, wanda ya fara laushi saboda yawo, ya nuna mata wurin da yatsa. Ya ce mun tambayi mutum biyu, ɗaya ya ce ƙirga, ɗaya ya ce abin da ba zai maimaita a gaban malama ba.

Ta karanta, ta dube shi, ta dube ni, sai ta dafe ƙirji ta zauna a kan turmi.

"Saboda wannan kuka zo tun daga Lafiya? Kai, Baba, ka ba ni tsoro! Yarinyanka ba shi da laifi. Yabo ne na rubuta."

Na ji wani nauyi ya sauka daga kaina har sai da na jingina da bango.

Baba ya gyara zama ya ce to a fahimtar da shi. Malama ta koma malamarta nan take, har hannu ta ɗaga kamar akwai allo a bayanta.

"Fuska dai fuska ne. Hanci, ido, baki, wannan Allah ya ba ka, haka zai zauna. Amma akwai abin da ke hawa kan fuskan daga ciki, wanda mutum zai gani ya san ko ya matso ko ya koma. Shi ne wannan kalma."

"Fara'a ke nan," in ji Baba.

"Fara'a yana ciki. Amma ɗaure fuska ma yana ciki. Na mai fushi daban, na mai tsoro daban, na wanda ya ci ya ƙoshi daban." Ta murtuke fuska, ta sake ta, ta zaro ido kamar ta ga maciji, duk a cikin ɗan lokaci. "Ka gani? Fuskan ɗaya ne, amma abin ya canza sau uku."

Baba ya yi ɗan tunani. "Yanayin fuska."

"Yawwa! Ka gama."

"To me ya hana ki rubuta shi da ƙaramin Turanci, yadda yarinya za ta gane?"

Ta yi dariya ta ce laifinta ne, son kalmar take yi. Ta ce Turancin takarda ne, ba a sayen tumatir da shi a kasuwa. Ita a coci ta fara jin sa tun tana ƙarama, sai kuma a tsofaffin littattafai da bakin lauyoyi. In ka gaya wa ɗan acaba yanayin fuskarsa da wannan kalma zai ɗauka zaginsa kake yi. Baba ya ce ya gane, kamar yadda malami a wurin wa'azi zai ce annuri inda mu za mu ce haske. Ta ce haka ne daidai.

Sai ta ɗauki gyaɗa ɗaya tana juya ta a hannu. Ta ce a tsakiyar zangon nan mahaifiyarta ta rasu a gidan nan. Ta koma aiki bayan mako biyu, amma ƙafarta kawai ke zuwa. In ta shiga aji ba ta son duban kowa.

"Amma yarinyan nan yana zaune a benci na biyu wajen taga. Ko me na rubuta a allo, in na juya sai in ga yana kallona kamar na kawo masa tsaraba. Sai na kama nemansa da ido kullum. In ya saki fuska, na kusa da shi ya saki, aji ya ɗauka, ni ma in samu ƙarfin gama darasi."

Ban san ta taɓa lura da ni ba. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina. Baba ya yi mata ta'aziyya, ya ce Allah ya ba su haƙuri, ta ce amin.

Ta juyo gare ni. "Amma ki ji da kyau. Ban rubuta yana gyara aji ba, na rubuta yana shafar aji. Ran da aka sa ki shara kika zo kina kumbure-kumbure, ajin nan kamar an yi mutuwa. Abin da kike ɗauke da shi ba naki ba ne ke kaɗai."

Na ce to, Malama.

Ina tsammanin an gama, sai Baba ya yi gyaran murya.

"To ni fa, Malama, wane iri ne nawa?"

Ta rufe baki da hannu. Ta ce ba za ta faɗa ba. Ya ce ta faɗa, ai ilimi ya zo nema.

"Baba, da ka shigo na ɗauka daga kotu aka aiko ka."

Baba ya buɗe baki. "Ni? Ai murmushi nake yi da na shigo."

Ni da Malama muka dubi juna, muka fashe da dariya tare. Shi kuma yana zaune yana kallonmu da mamaki na gaskiya, don har ga Allah ya ɗauka murmushin yake yi.

Kafin mu tafi ya hango keken ɗinki a baranda an rufe shi da zani. Malama ta ce na marigayiyar ne, ya daɗe da ƙamewa, ba ta iya rabuwa da shi ba. Baba ya je ya kwance akwatinsa. Ya buɗe keken, ya goge, ya ɗiga mai, ya canza bel, ya saita allura, sannan ya nemi ƙyalle ya taka. Da ƙarar ta tashi sumul Malama ta tsaya cak da hannu a baki, ta ce rabon da ta ji wannan ƙara a gidan nan tun kafin tsohuwar ta kwanta. Ta cika mana leda da gyaɗa, ta ɗaura mana sabuwar doya uku a kan akwatin. Shi kuma Baba ya sa ta faɗi kalmar sau uku a hankali, ya rubuta ta da ajami a cikin murfin akwatinsa, ƙarƙashin lambobin allura.

A hanyar dawowa na lura yana ta leƙa madubin babur, kuma ba motocin baya yake dubawa ba. Muna isa gida, ko doyar ba a sauke ba, ya tsaya a gaban Inna.

"Wai da gaske kullum fuskata a ɗaure take?"

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, yau ka sani? Ranar da aka kawo ni gidan nan na ɗauka dole aka yi maka."

"Amma ba wanda ya taɓa gaya mini."

"Wa zai ga wannan fuskar ya gaya maka?"

Daga ranar kalmar ta zauna a gidanmu, da irin lafazin Baba. In ƙanena ya dawo daga makaranta yana cika yana batsewa, sai ya ce, "Kai, me ya sami kantinans ɗinka?" In Inna ta dawo daga biki tana walwala, ya ce yau kantinans ya yi kyau, da alama an ci shinkafa. Har keken da aka kawo masa gyara yakan duba ya ce wannan daga ganin kantinans ɗinsa ya sha wuya a hannun mai shi. Teloli suka ɗauka suna tsokanarsa da ita. Ya kuma shiga ƙoƙarin sakin fuska da gangan, abin da ya fi ɗaurewar ban tsoro a makon farko, har wata mata mai kawo masa keke ta tambaye shi ko haƙori ke damunsa. A hankali dai abin ya zauna masa. Girar ba ta rabu ba har yau, amma bakin ya koyi sakewa. Ranar da aka je ɗaukar hoton katin shaida, ya ɗaga wa mai hoton hannu ya ce ya dakata ya gyara kantinans tukuna. Mai hoton bai san me ake nufi ba, amma ya dakata.

Na girma na zama malama ni ma, a wata firamare a cikin gari. Shekarun baya kaɗan aka manna mana sanarwa a ɗakin malamai da Turanci, cewa daga yanzu hukumar makaranta ba za ta yi countenance ɗin makara ba. Malamai suka taru a gabanta. Wani ya ce mai buga takardar ne ya yi kuskure, me ya haɗa fuska da makara? Na ciro waya na duba, sai ga shi kalmar tana da aiki na biyu: yarda da abu, ko ƙyale shi ya faru. Na karanta musu, kowa ya ce to, aka watse. Amma ni abin ya tsaya mini, don na kasa ganin igiyar da ta ɗaure ma'anar farko da ta biyu.

Da aka tashi na hau keke napep na sauka a bayan kasuwa. Baba yana nan a shagonsa, gemu ya yi fari, tabarau a kan hanci, yana fama da wani ƙaramin dunƙulen zare da ya maƙale a cikin keke. Na gaishe shi na zauna a benci.

"Baba, ashe kalmarka tana da wani aikin da ba mu sani ba."

Na gaya masa abin da aka rubuta da abin da waya ta ce, na ce ni dai ban ga haɗinsu ba. Ko kai bai ɗaga ba.

"Ba za su ba da fuska ba ke nan."

Na ce, "Me ka ce?"

"Ba za su ba wa makara fuska ba. Uwata, ke da kike cikin yara? In yaro zai yi ɓarna, fuskarki yake fara dubawa. In ya ga fuska ya yi, in bai gani ba ya fasa. Ai mu ma haka muke faɗa. Ashe su ma Turawan sun sani."

Na zauna baki buɗe. Maganar da nake yi kullum, ban ba shi fuska ba, ya ga fuska ne shi ya sa, tana bakina ban gan ta ba. Baba ya ciro zaren da ya maƙale, ya ɗaga shi sama ya duba, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Gobe in kin je ki gaya musu. Kuma ki gaya musu wanda ya faɗa."

Na gaya musu kuwa. Malamin Turancinmu, wanda ya yi digiri a kan harshen, ya buga tebur ya ce shekara nawa yana koyar da wannan kalma bai taɓa samun hanyar da ta kai wannan sauƙi ba. Ya rubuta a littafinsa, ya ce in gaishe masa da Farfesa.

Da na kai wa Baba gaisuwar, ya sa na maimaita ta sau biyu. Ya rufe shago tun kafin la'asar, abin da ba ya yi sai ranar Juma'a, ya biya wurin mai balangu ya sa aka yanka masa mai yawa, ya haɗa da lemu. A gida ya ba Inna labarin tun daga farko, ya koma ya ba tsohon masinja ta kan katanga da ƙarfi saboda kunnensa ya yi nauyi, ya dawo zai sake ba Inna. Ta kwance takardar naman, ta tura masa gabansa.

"Mun ji, Farfesa. A ci tun da zafi."